Fitila, shimfiɗar lantarki ko gorar ruwan zafi: da wanne za a ɗumama 'yan kwikwiyo?

Daren da karyata ta yi haihuwar fari, ba abin da na ji tsoro kamar sanyi. Na rataya fitilar ɗumi mai jan ƙwai daidai tsakiyar akwatin da ta haihu a ciki, na sauko da ita ƙasa-ƙasa don kada 'ya'yan su ji ɗari, na je na kwanta ina ganin na gama aiki. Da asuba na tarar uwar ta fice daga akwatin, tana shimfiɗe a kan daɓen siminti, harshe waje, tana ta haki. Cikin 'ya'ya shida, biyar sun watse kowa ya kama kusurwarsa. Na shidan ya bi warin uwarsa ya faɗo ta ƙofar akwatin, yana kwance a ƙasa, da na ɗauko shi jikinsa sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga ruwa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Ya rayu dai, amma tun daga ranar na daina tambayar wane abu ne ya fi ba da zafi. Tambayata yanzu ita ce wanne zai ɗumama 'ya'yan ba tare da ya kori uwar ba, ya kuma bar musu inda za su matsa in zafin ya ishe su.

Sai an san yadda jikin jaririn yake sannan zaɓin zai zo da sauƙi. Zafin jikin babban kare yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Selshiyas, kuma jikin ne da kansa yake riƙe shi a nan, ko ana sanyi ko ana zafi. Ɗan kwikwiyo kuwa a makon farko nasa yana tsakanin 35 da 37, kuma wurin da yake kwance ne ke yanke masa hukunci. Kitsensa kaɗan ne, fatarsa ta yi masa faɗi in aka gwada da ƙanƙantar jikinsa, ko rawar ɗari bai iya ba sai ya kusa mako guda. Sai a mako na uku zuwa na huɗu jikin ke fara riƙe ɗuminsa. Ido a rufe har kwana 10 zuwa 14, kunne ma a toshe, da hanci da fata kawai yake laluben inda ɗumi yake. Da zarar zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da 34.5 ko kusa da haka, hanji ya tsaya da aiki, ƙarfin tsotso ya tafi, sukarin jini ya sauka, sanyin ya ƙara shiga. Ga kuma ƙwayar cutar hapis ta karnuka, wadda ta fi samun wurin hayayyafa a jikin da bai kai zafin babban kare ba. Shi ya sa take kashe jariran da ba su cika mako uku ba, alhali babban kare zai iya ɗaukarta ba a ma lura ba.

Likitocin dabbobi suna ba da ma'auni: a kwana huɗun farko wurin kwanciyar ya kasance tsakanin digiri 29 da 32, a riƙa ragewa a hankali zuwa kamar 27 a kwana na bakwai zuwa na goma, a ƙarshen mako na huɗu kuma kamar 22. Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗauka ɗakin gaba ɗaya ake nufi. Wurin da cikin jaririn ke taɓawa ake nufi, a sashe ɗaya na akwatin. Lissafin kuma ya fi shafar marayu da waɗanda aka haifa ɗaya ko biyu. 'Ya'ya takwas da ke manne da cikin uwarsu suna da murhu mai digiri 38 wanda ba ya mutuwa, ga nono a jikinsa, ga harshe mai share su. Duk na'urar da za ka sayo mataimakiyar wannan murhun ce, aikinta cike gurbi lokacin da uwar ta tashi cin abinci ko ta fita kewayawa.

To, bari mu fara da manyan biyun da aka fi gardama a kansu, fitila da shimfiɗar lantarki.

Fitilar ɗumi tana da abin so. Ba ta da tsada, ba wayar da ke shiga cikin akwatin balle uwar ta tauna, kuma da ido kake ganin tana aiki ko ta mutu. In kana son ƙara zafi ka sauko da ita, in kana son ragewa ka ɗaga. A ranar haihuwa, lokacin da jariran ke jiƙe sharkaf, tana saurin busar da su. Matsalarta daga sama take zubo zafi, kuma abin da ya fi kusa da ita shi ya fi sha. Wa ya fi tsayi a cikin akwatin? Uwar, mai gashi a jiki, wadda ba ta buƙatar ƙarin ɗumin ko kaɗan. Bayanta na gasuwa, su kuma jariran da ke ƙasa cikinsu na kan shimfiɗar da daɓe ke zuƙe wa ɗumi. Sannan fitila tana busar da iska, tana busar da jaririn kansa, shi kuwa ƙodarsa ba ta nuna ba, ba ta iya adana ruwa kamar ta babba ba, don haka ƙishirwa na saurin kama shi. Na uku, wanda ya fi hana ni barci, gobara. Ƙwai mai wat 250 yana da zafin da zai kunna bargo in ya faɗo a kai, kuma in ruwa ya fantsama masa yana da zafi yakan fashe. Wanda ya zaɓi fitila, kada ya dogara da ɗan matsewar da ake sayar da ita da shi. Ya rataye ta da sarƙa, ya ƙara ɗauri na biyu, ya tabbata tana da ragar ƙarfe a baki da mazaunin ƙwai na tangaram mai jure zafi. Ya karkatar da ita kan kusurwa ɗaya, ya fara daga nesa kamar mita guda, ya auna, sannan ya riƙa sauko da ita kaɗan-kaɗan, amma kada ta kai inda kan uwar zai taɓa in ta miƙe tsaye.

Shimfiɗar lantarki daga ƙasa take bi, ta inda jaririn ya fi asarar ɗumi, wato cikinsa da ke manne da ƙasa. In ka sa ta ƙarƙashin sulusi ko rabin akwatin, uwar za ta kwanta a sashen da ba ɗumi, 'ya'yan su riƙa kai da kawowa tsakaninta da shimfiɗar. Ba ta busar da iska, ba ta hana duhu da dare, wutar da take ci kuma ba ta kai ta fitila ba ko kusa. Sai dai haɗarinta a ɓoye yake. Ƙunar da take yi ba ta farat ɗaya ba ce, ta daɗewa ce: jariri mai rauni ya kwanta a wuri ɗaya awa da awanni, ba shi da ƙarfin jan jiki, fatar cikinsa ta yi ja ta sale, ba wanda ya ji kukansa. An fi samun haka da shimfiɗar da aka yi don mutane masu ciwon baya. Irin wannan zafinta ba daidai yake ko'ina ba, wani wurin ya fi wani, ba a yi ta don ta jure fitsari da ruwan haihuwa ba, kuma da yawa daga cikinsu sukan kashe kansu bayan awa ɗaya ko biyu. Kai kana barci kana ganin ɗumi na nan, ita kuwa ta daɗe da hucewa. Wadda aka yi don dabbobi takan zo da jikin roba mai tauri, wayarta a lulluɓe da abin da haƙori ba ya hudawa, ga na'urar da ke tsayar da zafin kusa da na jikin kare. Ita ce ta cancanci kuɗin. Ko da ita, a rufe ta da tawul a ɗame shi sosai, domin ɗan kwikwiyo gwanin kutsawa ne, in ya sami ninki zai shige ƙarƙashi ya kwanta a kan robar kai tsaye. Kafin ka ɗora su, ka aza cikin tsintsiyar hannunka a kan tawul ɗin na minti biyar. In ka ji kana son janyewa, ya yi musu yawa.

In uwar na nan tana shayarwa, ni dai shimfiɗar nake zaɓa, ban ma tsaya dogon tunani ba. Fitila sai a wuri biyu nake ba ta gaba: ɗaki mai tsananin sanyi wanda ɗumin ƙasa kaɗai ba zai wadatar ba, da kuma karyar da ba ta barin waya ta kwana lafiya. Akwai masu haɗa biyun. Ban hana ba, amma su kasance a kusurwa ɗaya, kada a sa fitila gabas shimfiɗa yamma a rasa inda za a sha iska.

Gorar ruwan zafi, wato jakar robar nan da ake cikawa a toshe, labarinta daban. Ba ruwanta da wutar lantarki, kuma jariran na son ta don suna jingina da ita kamar cikin uwa. Amma ɗuminta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tana farawa da zafin da ya yi yawa, ta ɗan daidaita, bayan 'yan awanni ta huce, kuma da ta fi jaririn sanyi sai ta koma tana zuƙar nasa ɗumin. Wanda zai dogara da ita tsawon dare ya shirya tashi sau uku ko huɗu, kwana da kwanaki. In ta yoyo kuwa an yi gyaran gangar Auzinawa, don jiƙaƙƙen jariri ya fi busasshe saurin sandarewa. Duk da haka ba na yarda haihuwa ta zo ba ta a gida. Lokacin naƙuda, in uwar ta tashi tana juyi za ta haifi na gaba, a cikin kwando ake ajiye waɗanda suka riga suka fito, gora a gefe, tawul a sama. Haka in za a kai su wurin likita, haka in wuta ta ɗauke da tsakar dare. Kada a zuba mata tafasasshen ruwa, a matse iskar ciki kafin a toshe, a naɗe ta da tawul ninki biyu. In babu ita, gorar roba ta ruwan sha ma tana yi, sai dai a zura ta cikin safa a tokare ta, don takan mirgina ta danne jariri.

Akwai ɗan'uwanta, wani faifan roba da ake ɗumamawa a na'urar maikurowef, irin su SnuggleSafe, wanda masu ƙera shi suka ce yana riƙe ɗumi har awa 10. Ya fi gora daɗewa, ba ya yoyo, ba waya. Aibinsa tauri, kuma in aka wuce mintunan da aka rubuta wajen ɗumama shi yana iya ƙona fata ko ya lalace. Don tafiya da daren da ba wuta, ya fi gora; don makonni uku a jere, bai kai shimfiɗa ba.

Hitar ɗaki ba zan daɗe a kanta ba. Aikinta ta tsare ɗakin kada ya faɗi ƙasa da digiri 22 zuwa 24, shi ke nan. Wanda ya ce zai kai ɗaki gaba ɗaya 30 da ita, uwar zai azabtar. Mai fanka a ciki tana hura busasshiyar iska, kada a fuskantar da ita ga akwatin. Duk abin da ke ƙona mai ko gawayi kuma bai kamata ya kwana a rufaffen ɗaki ba, saboda iskar kabon monoksayid da ba a jin warinta, tana kashe kare tana kashe mai kare. A wurare masu zafi ko lokacin da gari ya ɗauki zafi, ɗakin da kansa yakan kai 30 da rana, a nan ba a buƙatar kunna komai. Abin tsoro a irin wannan yanayi fanka ce da na'urar sanyaya ɗaki da ke bugun akwatin, sai kuma sanyin goshin asuba da ke tasowa daga daɓe.

In uwar ta mutu, ko ta ƙi 'ya'yan, ko an yi mata tiyata ba ta gama farfaɗowa ba, lissafin ya canza, don murhun ya tafi. A nan ake maganar akwatin ɗumi na musamman, irin kwalabar da ake sa bakwaini a asibiti. Yana riƙe zafi daidai inda aka saita, wasu har da laimar iska, wadda ake so ta tsaya tsakanin kashi 55 da 65 cikin ɗari. Ga mai kiwon karnuka masu gajeren hanci irin su buldog, waɗanda sau da yawa sai an yi musu tiyata suke haihuwa, sayensa ba asara ba ce. Ga wanda karyarsa ke haihuwa sau ɗaya a shekara, ya yi tsada ba dalili, kuma yana da nasa raunin: ko'ina a cikinsa zafi ɗaya ne, in saitin ya kuskure ba wurin gudu. Babbar robar ajiye kaya ko kwali mai kauri, shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin rabinsa, tawul a rufe kashi biyu cikin uku na bakinsa, da jiƙaƙƙen tsumma a rataye kusa don iska kada ta bushe, yana yin aikin. In maraya ɗaya ne tilo, a sa masa 'yar tsana mai laushi ya jingina, a kuma riƙe zafin a iyakar sama ta ma'aunin da likitoci suka bayar, don ba shi da 'yan'uwan da zai raɓa.

Ɗan kwikwiyon da sanyi ya riga ya kama, kamar nawa na shida, ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da shi a sa'ar farko. Hannu zai yi ta kai ka ga fitila, ka daure. In aka ɗumama fatarsa da gaggawa, jijiyoyin jinin da ke waje su buɗe, jini ya bar zuciya da ƙwaƙwalwa, sai a rasa shi ana tsakiyar ceto. Cikin rigata na sa nawa, fata da fata, kansa a waje don ya yi numfashi, ina ɗan shafa shi. Da farko kamar ɗanyen nama na ɗora a ƙirjina. Bayan kusan awa guda na ji 'yan ƙafafunsa sun fara tura ni, daga baya ya fara laluben fatata da baki. Awa ɗaya zuwa uku ake so ɗumamawar ta ɗauka. Likitan da na kira ya ja mini kunne kan abu ɗaya, kada in ba shi nono ko madara sai zafin jikinsa ya haura 35 kuma ya kama yatsana ya tsotsa da ƙarfi, don madarar da ta shiga cikin da bai aiki takan dawo ta faɗa huhu. Ɗigon ruwan gulukos a dasashi kawai ya yarda in shafa masa. Ana auna zafin ta dubura da ma'aunin zafi na lantarki, a shafa wa bakinsa mai, a zura ɗan kan kawai.

Kowanne ka zaɓa, ma'aunin zafi na ɗaki guda biyu za su fi maka amfani fiye da ƙarin wat: ɗaya a sashen ɗumi, ɗaya a sashen sanyi, duka a ƙasa daidai inda jariran suke. Ma'aunin da ke rataye a bango labarin zafin da ke daidai tsayinka yake ba ka, ba na ƙasa ba. Su ma 'ya'yan suna magana ga mai lura. In suka hau kan juna suka zama tuli guda suna ƙananan koke-koke, sanyi suke ji. In suka warwatse ba mai taɓa wani, baki buɗe, suna juyi, zafi ya yi yawa. Waɗanda suka ji daidai kwance suke kusa da juna a sake, shiru, ciki a cike, suna 'yar zabura cikin barci, kuma wannan zaburar alamar lafiya ce.

Shi kansa akwatin rabin aikin ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, a haɗa shi mako guda ko biyu kafin haihuwa don uwar ta saba. A ɗaga shi daga daɓe da katako ko kwali ninki-ninki, bangonsa ya tare iska, bakin ƙofar ya yi tsayin da jariri ba zai faɗo ba (darasin da na biya kuɗinsa). A kewaye cikinsa da ƙaramin katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, don in uwar ta jingina da bango jaririn da ke bayanta ya sami inda zai fake. Shimfiɗa kuma a riƙa canzawa da ta jiƙe.

Ɗumi kaɗai ba ya raya su. Dakashin uwa sai a yinin farko hanjinsu ke iya ɗaukar garkuwar da ke cikinsa, don haka kowane ɗaya ya sha tun a awannin farko, ko da sai ka riƙe ƙaramin ka kai bakinsa. Sikelin kicin mai auna giram shi ke fara gaya maka akwai matsala: a auna kowa kullum a lokaci ɗaya, a rubuta. Raguwa kaɗan a ranar farko ba komai, bayan nan ya kamata ya riƙa ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kullum, ya ninka nauyin haihuwarsa wajen kwana goma. Wanda ya yi kwana biyu bai ƙaru ba, a kira likita. Marayu kuma madarar da aka haɗa don 'yan kwikwiyo ake ba su duk bayan awa biyu zuwa uku a makon farko, da ɗumin jiki, suna kwance rub da ciki, ba a rigingine ba. Nonon saniya bai kai na karya maiƙo da sinadarin gina jiki ba, sukarinsa kuma ya yi musu yawa, zawo yake jawowa. Bayan kowane shayarwa a goge musu ƙasan ciki da dubura da auduga mai ɗumi, don ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai sun kusa mako uku.

Wani abu game da hakin uwar. In ta fice daga akwatin tana haki, ka fara zargin na'urarka, ka rage zafi. Amma in ka rage ba ta daina ba, ga rawar jiki, ga ƙafafu sun ƙage tana tafiya kamar a kan sanduna, wannan ba zafin fitila ba ne. Sinadarin kalsiyam ne ya faɗi a jininta saboda shayarwa, abin da ya fi samun ƙananan karnuka masu 'ya'ya da yawa a makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba a kwana da shi a gida.

Wajen mako na uku za ka fara tarar da su suna barci a sashen sanyi, shimfiɗar na can tana ɗumama iska. Ka fara kashe ta da rana, ka bar ta da dare na wasu kwanaki, in ma'aunin ƙasa bai sauka ƙasa da 22 ba ka cire ta gaba ɗaya. Kada ka yi jinkiri, don a daidai lokacin ne haƙoransu ke fitowa, kuma waya ce abu na farko da za su gwada su a kai.